Sanarwar da Ƙananan Ma'aikata Kaɗai Suka Amsa

Ina shekarata ta biyu da fara buga tafireta a wata ma'aikatar gwamnati a Kaduna, cikin shekarun saba'in, aka turo mana mai bincike. Ba kuɗi ya zo dubawa ba. An ce ya zo ya ga yadda magana ke tafiya a cikin ofis: in an yanke abu a sama, kwana nawa yake yi kafin ya sauko ƙasa, kuma in ya sauko da ƙibarsa yake isowa ko ya rame a hanya. Muka yi ta dariya. Wai har magana ma sai an yi mata sufeto.

Yadda muke yi a lokacin shi ne, in na buga sanarwa sai a sa ta a fayil, a liƙa 'yar takarda a goshin fayil ɗin mai jerin manyan ma'aikata. Fayil ya zaga, kowa ya ɗan ja hannu a gaban sunansa, alamar ya gani. Sannan a manna kwafi ɗaya a allon baranda, da Turanci, don direbobi da leburori da masu shara, waɗanda yawancinsu ba su yi boko ba. In an tambaya sai a ce ai an sanar da kowa.

Mai yawo da fayil ɗin wani dattijo ne mutumin Zamfara, masinjanmu, kowa Baba yake ce masa. Kullum daga Kawo yake zuwa a kan keke, kakinsa a goge, da jakar fata a kafaɗa. Shekara biyu suka rage masa ya yi ritaya ya samu fanshonsa, kuma ba shi da wani abin dogaro bayan wannan. Shi ma bai yi boko ba, amma ya tsani ya ɗauki abin da bai san cikinsa ba. Da ya zo karɓar fayil sai ya sunkuyo kusa da tebur ɗina.

"Ɗiyata, mi anka ce yau?"

In sanarwa ce ta kowa da kowa, kamar ranar hutu ko canjin lokacin tashi ko zuwan masu rigakafi, sai in karanta masa da Hausa ƙasa-ƙasa. Bayan sallar azahar, a gindin mangwaron da ke bayan gareji, sai ya juye wa mutanensa, da kwaikwayon murya da komai. Na san doka ta hana buɗe wa kowa abin da ke cikin fayil kafin ya gama zagaye. Amma ban taɓa karanta masa abin sirri ba, shi ma bai taɓa nema ba.

Mai binciken wani Bazazzagi ne siriri mai tabarau, ba ya gaggawa. Mako guda ya yi yana shiga ɗaki-ɗaki da ɗan littafinsa. Manya suka tabbatar masa cewa babu takardar da ke wuce su. Ran Litinin ya kawo mini wata gajeriyar sanarwa in buga. Layinta na farko irin gaisuwar ofis ne da aka saba, amma a ƙasa an ce duk wanda ya karanta wannan ya zo ɗakin taro ran Alhamis da ƙarfe goma. Na buga, Baba ya tambaya, na karanta masa kamar kullum. Wallahi ban kawo komai a raina ba.

Ran Alhamis aka jera kujeru, aka kawo shayi irin na manya. Ƙarfe goma na bugawa sai ga takalma sun cika ƙofar ɗakin taro. Direbobi ne da leburori da masu shara, kowa ya tuɓe takalminsa ya shiga ya zauna a ƙasa, kujerun nan babu wanda ya taɓa su. Manya kuwa ko mutum ɗaya bai zo ba. Ga fayil a gaban mai bincike, kowannensu ya sa hannu cewa ya gani. Bawan Allah ya dubi waɗanda suka zo ta saman tabarau, ya ce a zuba musu shayin kada ya huce.

Kafin azahar labari ya cika ma'aikata, kuma kunya ta koma fushi. An rasa yadda za a yi da jaki, sai aka koma kan taiki. Maigidanmu, shugaban sashe, ya sa aka kira Baba. Ofishina na jikin na Maigida, kuma bangon katako ne.

"Wa ke karanta maka abin da ke cikin fayil?"

"Ranka shi daɗe, ni dai masinja ne. Kunnena na ji."

"A bakin wa?"

"Na tsufa, ranka shi daɗe. Ban riƙe ba."

Ina zaune ina jin komai. Sau uku aka tambaye shi, sau uku ya ce bai riƙe ba. Da la'asar Maigida ya miƙo mini rubutun takardar tuhuma, wadda za ta iya kai mutum ga kora ba fansho. Ni na buga ta. Kuma da aka ba Baba, bai san wajen wanda zai kai ba sai wajena.

"Ɗiyata, karanta mini."

Na karanta masa. Da na gama na ce zan je in faɗi gaskiya. Ya ɗaga mini hannu.

"Kul. Ke yanzu kinka fara. Ki yi shiru."

Na kuwa yi shiru, kuma ba don ya ce ba. Tsoro ne. Mahaifina ya sha surutun dangi kafin ya bar ni in yi aikin ofis, na kasa tunanin komawa gidanmu a Malali da takardar kora. Kwana huɗu ina ganin Baba a bencin baranda ba jaka, an ba wani fayilolin, yana gaishe ni kamar babu abin da ya faru. Wannan gaisuwar ta fi zagi ciwo.

A rana ta biyar na tari mai bincike a matakala na gaya masa komai. Ya saurara har na ƙare.

"Malama, ai na sani. Duk direban da na tambaya ina yake jin labarin ofis, gindin mangwaro yake nuna mini. Abin da nake jira shi ne wanda zai yarda in rubuta bakinsa. Jiya da kin zo, da ya fi."

Ashe a jiyan Maigida ya riga ya sa hannu a kan hukuncin Baba. Da mai bincike ya kai masa maganata, aka yi ta ja-in-ja, aka janye batun kora, ni kuma aka yi mini faɗa a tsaye aka ce in koma bakin aikina. Amma batun cire Baba daga aikin masinja ya zauna, don Maigida ba zai lashe abin da ya tofar ba. Aka mai da Baba gadin wani sito na ma'aikata a Kurmin Mashi, inda babu takardar da ke wucewa. Fanshonsa ya tsira. Yawon da ya shekara ashirin yana yi a barandar nan ya ƙare.

Bayan wata biyu rahoto ya fito. Daga yanzu duk sanarwa za a buga ta da Hausa, kuma a karanta wa ƙananan ma'aikata ita da baki bayan azahar, a gindin mangwaro. Aka gode wa mai bincike da shugabannin sashe bisa wannan sabuwar dabara. Ni na buga wannan ma, ina cizon leɓe.

Ran Asabar na ɗauki kwafi na hau bas zuwa Kurmin Mashi. Na same shi a kan benci a bakin ƙofar sito. Da ya gan ni ya miƙe, hannunsa ya kai kafaɗa neman jakar da babu ita.

"Ɗiyata! Mi anka ce yau?"

Na zauna na karanta masa daga farko har ƙarshe. Yana ta gyaɗa kai, yana cewa madalla, yanzu mutanena za su ji. Sannan ya nuna takardar.

"Akwai sunana ciki?"

Na so in yi masa ƙarya, amma ban taɓa karanta masa abin da babu a takarda ba.

"Babu, Baba."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya shafa fuska da hannu biyu.

"Alhamdu lillahi. To lafiya ke nan."

Ya raka ni har bakin titi yana tambayar lafiyar mahaifina. Sai da bas ya tashi na bar hawayen suka zubo.