Dama Tukuna

Har yau idan zan sa takalmi, sai safiyar nan ta faɗo mini a rai, safiyar da na hau benen Ummu Bakur a bayan Bab Makka, nan Jidda, na tarar al'amuran gidan sun juye ba wanda ya gaya mana. Cikin watan Sha'aban ne, saura shekara biyu in ajiye aiki. Tunda ku 'yan baya kun matsa sai na ba ku labari ɗaya daga abin da na gani, to ga shi, kada kuma wata ta ce na cika surutu, ku kuka tono ni.

Ga wanda bai san aikinmu ba, ni mai binciken gidaje ce a ofishin jin daɗin jama'a. Hukuma tana ba iyalin da ke riƙe da naƙasasshe a gida tallafi duk wata, don kada larura ta sa su rabu da shi. Likitoci ne ke auna naƙasar. Namu shi ne mu je gidan lokaci zuwa lokaci mu gani da ido: yana samun abinci, yana da tsabta, kuma wanda aka rubuta a matsayin mai kula da shi yana nan da ƙarfinsa. Idan mai kula ya gaza, babu kuma ɗan'uwan da zai karɓa, sai a nema wa mutum gurbi a markaz, wato gidan da aka tanada don irinsu. Markaz ba wurin wulaƙanci ba ne, na sha shiga, akwai tsabta akwai masu tausayi. Amma maza daban mata daban, uwa kuwa sai dai ta zo ziyara ta tafi.

Ni ake yawan turawa gidajen mutanenmu. Tsofaffin nan a Jidda aka haife su, kakanninsu ne suka zo hajji a ƙafa suka zauna, Larabci kuwa sun fi ni iyawa. Sai dai idan magana ta kai ga zuci, Hausa suke komawa.

Ummu Bakur sunanta Hajja Dije, amma ba mai kiranta haka. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗanta ɗaya ne, Bakur, wanda a lokacin ya haura arba'in, har furfura ta fara fito masa a gashin baki, amma hankalinsa na yaro ne, haka aka haife shi. Mutum ne gajere mai faɗin fuska, da wuya ka gan shi ba ya murmushi. Na yi shekaru ina zuwa gidan, kuma a gaskiya nan nake zuwa in huta. Tsohuwar ta koya masa komai da haƙurin da ni ban da shi ko a kan 'ya'yan cikina. Kullum ka ji ta tana cewa, “Dama tukuna, Bakur.” Zai sa takalmi, dama tukuna. Zai zura hannun riga, dama tukuna. Zai karɓi dabino, dama tukuna. Har na riƙa tsokanarta cewa ko a aljanna sai ta tsaya a bakin ƙofa tana duba ƙafar da mutane ke shiga da ita.

Ran nan na hau benen ina haki, ina zagin gwiwoyina a zuci. Bakur ne ya buɗe mini yana cewa “Abla”, wato yaya, kamar yadda ya saba kirana. Na tarar da tsohuwar a zaune a kan kujera, ta sha ado, ta lulluɓa babban mayafi har cinya duk da zafin da ake yi. Ba ta taso ba, ba ta kuma miƙo hannu ba.

“Ahlan, ya binti,” ta ce, wato sannu da zuwa, 'yata. “Kin sha hawa. Zauna.”

Maganar tana fita a hankali, kamar mai tauna wani abu. Khala nake ce mata, wato inna. Na ce, “Khala, lafiya dai ko?” Ta ce lafiya lau, haƙori ne ke damunta.

Bakur ya kawo gahawa. Wannan bai ba ni mamaki ba, ya iya. Ya zuba mini, ya zuba mata. Sai na ga ta zaro hannun hagu daga cikin mayafi ta karɓi finjalin. Matar da ta shekara arba'in tana wa'azin dama, ga ta tana shan gahawa da hagu a gaban baƙuwa. Na yi tambayoyin da aka saba, ta amsa a gajarce, sannan na ce zan leƙa kicin da banɗaki kamar yadda aiki ya tanada.

Kicin tsaf yake, sai dai an sauko da komai ƙasa-ƙasa, daidai tsawon Bakur. Ina tsaye a nan na ji muryarsa daga falo, ya ƙasƙantar da ita yadda ake yi wa yaro. Na leƙo ta gefen labule. Silifas ɗin tsohuwar ne suka zame, shi kuma ya durƙusa a gabanta, ya ɗaga ƙafarta da hannu biyu yana sa mata.

“Dama tukuna, Ummi,” yake cewa. “Yauwa. Sai hagu.”

Ƙafar daman ba ta motsi. Da mayafin ya zame, na ga hannun daman ma yana kwance a cinyarta kamar ba nata ba. Na daɗe a aikin nan, na ga abubuwa, amma sai da na koma kicin na goge idona da gefen gyale kafin in iya fitowa.

Na jawo kujera kusa da ita na ce, “Khala, tun yaushe?”

Ta dube ni, ta san na gani. Ta ce tun bayan babbar salla ɓarin jikinta ya shanye. Ta kwana biyu a asibiti ta matsa aka sallame ta, saboda Bakur ba ya barci sai ya ji numfashinta a ɗaki. Tun daga nan shi ke ɗaga ta, shi ke ba ta abinci a baki, shi ke zuba mata ruwan alwala.

“Duk abin da na yi masa, shi yake mayar mini,” ta ce. “Bai manta ko ɗaya ba. Ya binti, don Allah kada ki rubuta. In kika rubuta za su kai shi markaz. Kuɗin ma su riƙe, halas, na yafe. Shi dai a bar mini.”

Abin da ke gabana ke nan. Ba zan rubuta ƙarya ba, ba don tsoron shugaba kaɗai ba. Idan wuta ta kama a benen nan, ko ta faɗi a banɗaki, Bakur bai san lambar da zai kira ba. Amma idan na rubuta gaskiya tsagwaronta na tsaya a nan, na raba su ke nan, kuma na san ba ɗayansu da zai daɗe bayan haka. Na tambaye ta dangi. Ta ce 'yan'uwanta duk sun riga ta, na mijinta kuwa an yi shekaru ba a ji ɗuriyarsu ba. Na ce to wa ya kai ta asibiti, wa ke yi mata wanka, wa ke cefane? Ta ce Sa'adiyya ce, 'yar maƙwabtansu ta da, wadda yanzu take aure a unguwar Safa.

“Amma ita ba dangi ba ce a wajen hukuma,” ta ce. “Maƙwabciya ce kawai.”

Muna cikin haka aka buɗe ƙofa da makulli. Wata mace ce doguwa ta shigo da kular abinci, ta rufe fuska ruf har da safar hannu. Ta yi sallama, ta ajiye kula, sai kawai ta cire niƙabi, ta tuɓe abaya, ta zare ɗankwali ta rataye a ƙusa tana fifita da hannu, kanta a buɗe, kitso a waje. Bakur yana tsaye a gabanta. Ta kama haɓarsa ta juya fuskarsa tana dubawa.

“Ka ga gemun nan, ya shekh? Yalla, kawo reza in gyara maka kafin ka zama ɗan fashi.”

Ya yi dariya ya sumbaci goshinta. Ni kuwa na zuba ido. Macen da ke sa safar hannu a zafin Jidda ba za ta buɗe kai a gaban namiji baligi ba, komai ƙarancin hankalinsa, sai da dalili. Bayan mun gaisa na ce, “'Yar'uwa, ki gafarce ni, me ke tsakaninki da Bakur?”

Ta dube ni kamar na tambaye ta ko ruwan teku da gishiri. “Yayana ne mana. Nono ɗaya muka sha.”

Sai tsohuwar ta ba ni labarin. Da aka haifi Bakur bai iya kama nono sosai ba, ya ɗan tsotsa ya gaji ya yi barci, nono kuwa ya cika mata har yana sa ta zazzaɓi. Ba a jima ba maƙwabciyarta ta haifi Sa'adiyya ta kwanta ciwo, jaririya na ta tsala kuka ta bayan bango. Sai ta ce a miƙo ta. Haka ta shayar da su biyu har aka yaye su.

“Abin da ya kasa sha ne ya raya ta,” ta ce.

Na ce, “Khala, shekara nawa ina zuwa gidan nan, ba ki taɓa gaya mini Bakur yana da ƙanwa ba?”

Ta ce, “Wannan ai zumuncin Allah ne, ba na takarda ba. Ina ruwan hukuma da nono?”

Na juya ga Sa'adiyya na tambaye ta ko za ta yarda a ɗora mata riƙonsa. Ta ce tun ranar da aka dawo daga asibiti take roƙon Ummi su koma wajenta a Safa, akwai ɗaki, akwai lif, mijinta ma da bakinsa ya faɗa. Tsohuwar ce ta ƙi, wai idan ta bar gidan hukuma za ta gane ta gaza.

Washegari na shiga ofishin shugabarmu, Ustaza Jawahir, na ajiye mata rahoto. Na rubuta komai: uwa ta gaza, ɗa na cikin haɗari, ga kuma ƙanwa ta shayarwa da ke son karɓarsa. Ustaza mace ce mai ƙa'ida, ba a yi mata kuka a ofis. Ta karanta ta ce, “Shayarwa ba ta gado, Maryam.”

Na ce, “Ba gado muke nema ba, Ustaza. Wadda za ta yi masa aski muke nema.”

Sai ta ce riƙon wanda ba ya iya riƙe kansa hurumin alƙali ne, ba namu ba. Idan kotu ta tabbatar da shayarwar ta kuma naɗa Sa'adiyya, ita za ta sa hannu a canza sunan mai kula, tallafi ya ci gaba. Kafin nan ba za ta tura sunansa markaz ba, da sharaɗin kada su sake kwana su kaɗai a benen nan.

A maganar shayarwa shaidar mata ake ji. Muka nemo tsofaffin unguwa, muka samu biyu da suka gani da idonsu. An ce mana ɗaya ma ta isa, amma ba wadda ta yarda a tafi da 'yar'uwarta a bar ta. A mota suka yi ta musu a kan wace ce ta miƙa jaririyar ta taga, har muka isa ba su daidaita ba. A gaban alƙali kuwa bakinsu ya zo ɗaya. Aka tambayi Bakur ko ya san wannan matar, ya ce, “Sa'adiyya ce. Tana yi mini faɗa.” Alƙali ya yi murmushi ya ce ai wannan ma shaida ce.

Kafin azumi suka koma Safa. Bakur ne ya goya uwarsa ya sauko da ita daga benen, bai yarda kowa ya taɓa ta ba. Ta yi shekara ɗaya da 'yan watanni a can, sannan Allah ya karɓi abarsa. Na yi kewarta ƙwarai, har yau ina yi.

Abin da na koya shi nake so ku riƙe. A takardarmu layi biyu ne, mai kula da wanda ake kula da shi, amma a cikin gida ba koyaushe mutane ke tsayawa a layinsu ba. Kuma mutanenmu ba sa kawo ƙarar rauninsu, ɓoye shi suke yi a ƙarƙashin mayafi su ba ki gahawa. Kada ki rubuta ƙarya don tausayi, kada kuma ki rubuta rabin gaskiya ki tashi don sauri. Ki zauna ki sha gahawar, ki ga hannun da aka karɓe ta da shi, ki ga wa ke da makullin gidan.

Ziyarata ta ƙarshe kafin in ajiye aiki, gidan Sa'adiyya na kai ta. Bakur ya rame kaɗan, amma an gyara masa gemu tsaf, yana zaune cikin 'ya'yan ƙanwarsa ana kallon ƙwallo. Da na tashi tafiya na tsaya a bakin ƙofa na dafa bango, ina laluben takalmi da ƙafa saboda gwiwa ba ta barina in sunkuya. Sai ga shi ya taso ya durƙusa a gabana. Ya juyo mini takalman, ya kama ƙafata da hannu biyu, ya ƙasƙantar da murya.

“Dama tukuna, Abla.”