Gidan da ke Ƙasan Madatsar Kawu

Kawuna yana da madatsar ruwa tasa ta kansa a wani kwari da ke hanyar Kaugama. Ta laka ce zalla, shanunsa ne suka yi ta tattaka ta har ta ƙanƙame. Damina ta cika ta, da rani garke ya sha, albasa ma ta sha. Yadda yake ji da ita ko mai sabuwar mota albarka.

Shekarar da ambaliya ta ci mana shinkafa a Haɗeja, aka turo wani injiniya ya zaga irin waɗannan madatsu. Ni kuwa akwai son jin ƙwaƙwaf, da ya zo kan ta kawu sai na bi su. Na ɗauka bangon zai yi ta dubawa, kawu ma har ya sa an nome ciyawar jikinsa. Mutumin ya ɗan duba, ya yaba, sai ya juya wa ruwan baya ya gangara kwari.

Na cim masa na tambaye shi abin da yake nema. Ya ce aji uku ake sa madatsa, kuma ba ƙarfinta ake aunawa ba. Tambayar ita ce, in ta ɓalle, me ruwan zai tarar a gabansa? In ciyawa ce, haɗarin ƙarami ne. In gona ce ko hanya, matsakaici. In kuwa mutum na kwana a wurin, ko da dutse aka gina ta, babba ne. Abin ya ɗaure mini kai, ya kuma burge ni, don ban taɓa jin an yi wa abu hukunci da maƙwabcinsa ba.

Gida ɗaya ne a ƙasan, na 'yar farin kawu da mijinta. Mu asalinmu Fulani ne, kuma duk zamanmu a gari kawu bai taɓa kiran sunanta ba, ko gaisuwarta da ƙyar yake amsawa.

"Baba, gidan wane ne wancan?" in ji injiniya, da muka dawo wurin kawu.

"Wasu mutane ne," kawu ya ce, yana kallon sandarsa.

Aka sa madatsar a babban haɗari. Kawu ya yi ta mita, wai an raina masa aiki. Ga shi ba zai iya ce wa surukinsa ya tashi ba, shi da kansa ya ba shi filin.

Ana gab da damina na koma, na tarar da shi da leburori suna yanka mafita a gefen madatsar, wadda za ta zubar da rabin ruwan can cikin fadama. Albasar rani ta tafi ke nan, kuma na tausaya masa. Duk da haka sai da na tsokane shi, na ce ashe maganar injiniya ta shiga.

Bai ɗago kai ba, bai kuma dubi gidan ba.

"Waccan ba ta iya ruwa ba," ya ce. "Tun tana ƙarama take tsoronsa."