Hoton da Na Wanke

Jiya jikata ta tsinci wani ɗan baƙin gwangwanin roba a ƙasan akwatina, ta girgiza shi ta ce, "Kaka, mene ne a ciki?" Na ce mata kakata ce. Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

A lokacin ƙuruciyata, kawuna ma'aikacin gwamnati ne, shi kaɗai ke da kyamara a unguwarmu, irin mai fim ɗin nan. Ranar Lahadi yakan kwashe mu zuwa lambun bakin kogi, inda tsohuwar gadar ƙarfen Turawa take, ya jera mu kamar buhunan gero ya ɗauka. Kakata kuwa ba ta taɓa yarda ba. Cewa take, "Wanda ya gan ni ya gan ni."

Wata damina, ciyawa ta yi shar, kogi ya cika yana gurnani, sai ta ce a tafi da ita. Ta ɗaura zanenta na saƙi, ta tsaya a kan gadar, ta dafa ƙarfen da hannu ɗaya.

"To ɗauki, tun ina nan."

Da muka dawo, kawu ya sa fim ɗin a gwangwanin nan ya ajiye a kan taga, na ji yana cewa gobe za a kai a wanke. Ka san ni, aji biyu na yi malamai suka gaji da ni, amma wajen neman yabo ba ni da na biyu. Na ce wanki ai ba sai an kai shi ko'ina ba. Na buɗe gwangwanin, na fasa ɗan ƙarfen da ke ciki da dutse, na zaro fim ɗin iya tsawonsa, na cuɗe shi da sabulu a bakin rijiya, na ɗauraye, na shanya a igiya rana tsaka.

Kawu bai dake ni ba, da ma ya daka. Ya daɗe yana duba shi, sannan ya ce, "Ya wanku." Kakata ta yi dariya har da hawaye, ta ce a bari sai wata Lahadin. A makon ta kwanta. Kaka ba ta ga kaka ba.

Yanzu hotunana sun cika wayar jikata, har da wanda nake gyangyaɗi baki buɗe. Ni kuwa ina tuna zanen, ina tuna hannun a kan ƙarfe, amma fuskar ta ƙi zuwa, ko a mafarki ƙeya take ba ni.

Jikata ta warware fim ɗin, ta ɗaga shi a hasken taga.

"Kaka, ai babu kowa."

Na ce, "Da akwai. Ni na wanke ta."