Muryar da Na Tsinta Cikin Ordinatar

Na yi waƙoƙi da yawa a rayuwata, wasu ma baitukansu sun ɓace mini, amma akwai mako guda da na tabbata har in koma ga Allah ba zai fita daga raina ba. A cikinsa na yi tafiya biyu, ɗaya zuwa wajen Tirmini, ɗaya zuwa Dogo.

A lokacin ina da ƙaramin situdiyo a Zango, ɗaki ɗaya da aka liƙe bangonsa da katifa saboda ƙarar kabu-kabu. Ba ni na kafa shi ba. Na maigidana ne, mutumin da ya koya mini haɗa kiɗa. Da kunnensa ya fara nauyi sai ya sayar mini da kayan duka, ya koma ƙauyensu kusa da Tirmini ya kama noma. Cikin kayan akwai ordinatar ɗinsa, wato kwamfuta, a cikinta kuma akwai lojisiyel, wato manhajar da muke haɗa kiɗa da ita. Yawancinmu a Damagaram na sata muke aiki da shi, wanda ake kwafa daga wannan na'ura zuwa waccan. Shi nasa saye ya yi, da lisansinsa da komai, har tsiya ake yi masa a kan haka.

Wata rana ina share tsofaffin ayyukan da ya bari, sai na ci karo da wata murya. Mace ce, babu kiɗa, babu 'yan amshi, ita kaɗai. Waƙar doguwa ce, akwai sunayen mutane da na garuruwa a ciki, amma abin da ya kama ni shi ne inda take maimaita: "Hanyar da ta kai ka, ita za ta maido ka." Na saurara sau ba adadi. Na yanko wannan wurin kaɗai, na ɗora masa kiɗan rawa, na rubuta baitukan soyayya na zagaye shi da su. Cikin ɗan lokaci waƙar ta cika gari. Gidajen rediyo suna sa ta, ba bikin da za a watse ba a taka ta ba. In aka tambaye ni wace ce matar, sai in ce wata tsohuwa ce, in yi dariya. Abin da na gaya wa kaina shi ne, na sayi ordinatar da duk abin da ke cikinta. Yanzu na san ban tambayi maigidana ba ne don ina tsoron amsar da zai ba ni.

Bayan kamar shekara guda, ordinatar ta mutu. Na samo wata, mai gyara ya kwashe mini ayyukana ya zuba a ciki, amma lojisiyel ya ƙi buɗewa. Mai gyaran ya ce mini lisansin da sunan maigidana yake, kuma kamfanin ya yarda a mayar da shi ga wani, amma sai mai shi ya amince da kansa, ta lambar da za a turo a wayarsa. Raina ya ɓaci, ina ta faɗa cewa abin da na saya da gumina ne za a ce ba nawa ba. Ga mawaƙa uku suna jiran ayyukansu. Dole na ɗauki ordinatar na hau mota.

Na same shi da hantsi yana zuba gero a rumbu. Ya yi murna da ganina. Magana da shi sai da ɗaga murya, a kuma zauna ta gefen damansa. Garin babu rezo, wato sabis ɗin waya, sai an hau wani tudun yashi bayan gonaki, can muka tafi muka zauna ƙarƙashin gawo. Muka cika takardar kamfanin, lambar ta shigo wayarsa, ya karanto mini ina bugawa. Nan take sunana ya maye gurbin nasa.

Ya ce, "To, wannan na ba ka, kuma da bakina na ba ka. Ita muryar matar nan ta garin Dogo, wa ya ba ka?"

Ya ce 'yarsa ce ta kanga masa waya a kunne don ya ji waƙar yaronsa da ake ta yayi, yana jin muryar ya gane ta. Na ce, "Maigida, ai cikin ordinatar na same ta." Ya ce, "Shi ma lojisiyel ai cikin ordinatar ka same shi, ga ka nan ka biyo ni har tudu." Bai ƙara faɗa ba. Ya dai kwatanta mini gidan matar, ya ce in je, ita za ta gaya mini abin da waƙar take nufi, don ba shi ya kamata ya faɗa ba.

Da na dawo Zango na kai maganar fadarmu, inda mawaƙa ke zama shan shayi bayan la'asar. Gardama ta kaure. Wani mai kiɗan gurmi ya ce waƙar gargajiya ba ta da mai ita, kowa a bakin wani ya ji, in aka fara wannan bin diddigi babu wanda zai tsira a cikinmu. Wani da ya yi lakwal sosai, wato karatun boko, ya ce ba haka doka ta ce ba, in ita ta tsara waƙar to tata ce, muryar kuma ko ba ita ta tsara ba ai tata ce. Wani ya ce in rufa wa kaina asiri, matar ƙauye ba ta san biro, wato ofishin haƙƙin mawaƙa, ba, in na je ni na tono wa kaina. Mai gurmin ya ƙara da cewa ai alheri ma na yi mata, muryar da ke kwance cikin na'ura na fito da ita duniya ta ji. Gaskiya maganarsa ta yi mini daɗi, har na kusa fasa tafiyar. Abin da ya hana ni shi ne, na san in na sake haɗuwa da maigidana zai tambaye ni.

Kwana uku bayan haka na tafi Dogo. Babban ɗanta ne ya tare ni a zaure, magidanci mai furfura kaɗan. Da na faɗi ko ni wane ne, fuskarsa ta canja, amma ya shimfiɗa mini tabarma ya shiga ya kira ta. Ta fito, 'yar ƙaramar tsohuwa, hannunta duk ɓawon gyaɗa. Muka gaisa. Ta dube ni ta ce, "Kai ne mai waƙar?" Na ce, "Ni ne, Inna."

Ta ce wanda take kira a waƙar ƙanenta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Wata shekara da damina ta ƙi, ya tafi arewa neman aiki, tun daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ta jira shekaru. Daga baya ta tsara waƙar, ta sa sunansa da na ubansu da na garinsu da unguwar da aka haife shi, ta je Zinder wajen maigidana ya ɗauka mata a kaset. Ta riƙa zuwa tasha tana ba direbobin da ke bin hanyar Agadas, ko Allah zai sa ya ji a wata mota ya gane gida na kiransa.

Ta ce, "Ɗana, ni so nake ta yi nisa, kuma ka kai ta nesa. Amma ka cire sunansa. Wa zai ji ya san shi nake kira? In ana biki a garin nan suka sa ta, ɗaki nake shiga in rufe ƙofa."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ni ne na kasa ɗaga kai. Na ce ta yafe mini, zan cire muryarta. Na kuma gaya mata gaskiya, cewa wadda ta riga ta shiga wayoyin mutane ba ni da ikon dawo da ita. Ɗan ya fara maganar kai ƙara, ta ɗaga masa hannu. Ta tambaye ni ko ta asalin tana nan. Na ce tana nan cif. Ta ce, "To ita nake so ka kai rediyo, yadda take, kada ka sa mata ganga."

Haka na yi. Na bi gidajen rediyon da ke sa waƙata ɗaya bayan ɗaya, na roƙe su su daina, na ba su tata. Wasu sun ce ta yi tsawo, wasu suka sa ta a shirin gaishe-gaishe. Na tura wa abokaina mawaƙa a Agadas su ma su kai. Muka je biro da ita da ɗanta aka rubuta sunanta a matsayin mai waƙar, ta dangwala yatsa a takarda, abin da ya kamata ya shiga hannunta kuma ya fara shiga. A fada wasu suka ce na yi wauta, na kashe waƙar da ta fito da ni. Mai gurmin bai canja ra'ayinsa ba har yau, muna dai gaisawa lafiya.

Ƙanen nata bai dawo ba. An kira sau biyu daga arewa, aka bincika, ba shi ba ne. Ta rasu bayan 'yan shekaru, na je gaisuwa, ɗanta ya ce mini duk ranar da aka sa waƙar a rediyo sai ta ajiye aikinta ta zauna ta ji ta har ƙarshe.

Tun daga lokacin ban sake taɓa sautin kowa ba sai na san mai shi na kuma tambaye shi. Ba tsoron doka ne kaɗai ya sa ba. Abin da na koya shi ne, duk muryar da ka ji an ɗauka, akwai dalilin da ya sa mai ita ya buɗe baki, kuma in ba ka je ka tambaya ba, ba za ka san abin da kake yankewa ba.