Garin Katako a Gwiwar Wando

Tun safe wani mutum yake tsaye a shagon kafintan da ke kallon nawa, ni kuwa shekara tara ina ɗinki a layin nan ban taɓa ganin fuskarsa ba. Dogo ne mai ɗan tumbi, rigar aikinsa har da karin guga. Makulli uku ya gwada kafin kwaɗon ya buɗe. Dattijon da na sani da shagon, yau ko ƙeyarsa ban gani ba.

Yana ɗaukar zarto yana ajiyewa kamar zai cije shi. Hannunsa sumul, ba kanta, idonsa na kan titi.

Na leƙa na ce, "Sannu da aiki, Malam. Ina Baba?"

"Ya ɗan fita, Hajiya. Ma'aikatan banki nake jira, masu duba sana'a kafin a ba da rance."

Ko ɗansa ne? Ko aron shagon ya yi na yini guda? Zato zunubi, amma biri ya yi kama da mutum.

Ga farar mota ta shawo kwana. Wuf ya duƙa, ya ɗebi garin katako ya shafa a gwiwar wando, ya fito yana murmushi, rungume da fayil mai kauri.

Sau uku bankin nan yana mayar da ni, wai takarduna ba su cika ba. Na dubi kantar almakashi a yatsana. Tawa ba ta aro ba ce, amma babu motar da ta taɓa tsayawa ta duba ta.