Zablon a Bayan Shinge

Zablon Makori bai iya zama ba. Tun da na san shi, a ƙungiyar mawaƙan cocinmu, ban taɓa ganin ya gama shan shayi a kan kujera ba. Sai ya miƙe da kofin a hannu, ya je bakin taga, ya dawo, ya gyara labulen da ba abin da ya same shi. Amma mutumin nan ya shafe rabin rayuwarsa yana aikin da ba a so mai yinsa ya motsa ko gira. Mai duba layi ne a filin tanis. Tela ne a wani ɗan shago a Ngara, sai dai duk lokacin da gasa ta zo Nairobi yakan rufe shagon, ya sa farin wando mai kari, ya sunkuya a ƙarshen fili, hannaye bisa gwiwa, ido a kan farin layi guda. In ƙwallo ta sauka ciki, ya yi shiru. In ta sauka waje, ya yi kira.

Kiran nasa kowa ya san shi. "Waje!" Gajere, mai kauri, kamar an sari gungume. 'Yan mishan ne suka koya mana buɗe maƙogwaro, shi a tuddan Kisii, ni a makarantar da daga baya na koyar a cikinta, kuma nasa ya fi nawa buɗuwa. A zamanin nan filayenmu duk jar marmara ce. Ana yayyafa musu ruwa da safe, a daddaɓe, a share layuka, ƙwallo kuma tana barin tabo duk inda ta sauka. In an yi gardama, alƙalin wasa ya sauko daga doguwar kujerarsa ya duba tabon.

Da gwiwa ta fara yi masa ciwo ya bar aikin, amma maƙogwaron bai bari ba. Ya sha yin kira a gaban talabijin. Ya taɓa yi wa 'yan unguwa kira suna buga ƙwallon tsumma a titi, har wasa ya tsaya.

"Mwalimu, ba ni nake yi ba," ya ce da ni, don haka yake kirana, wato malam. "Ido ya gani, baki ya faɗa. Ni sai daga baya nake jin labari."

Shi ya sa bai taɓa kallon ɗansa yana wasa ba.

Ɗan nasa, Hezron, a filayen nan ya girma. Ya ci kofunan gida har uwarsa ta rasa inda za ta jera su, amma sunansa bai taɓa shiga jerin 'yan wasan duniya ba. Kafin sunan mutum ya shiga, sai ya doke ko da mutum ɗaya ne a gasar ƙwararru ta maza, kuma kowace shekara baƙi ke zuwa su fitar da shi a wasan farko. Ya doshi talatin. Ya yi wa matarsa Bosibori alkawari cewa shekarar nan ce ta ƙarshe: in bai shiga ba, zai rataye raket ya karɓi aikin da surukinsa ya nema masa a shagon kayan noma a Eldoret.

Ni da Zablon muna da tsarinmu. Ina zama a bencin sama, wanda ya jingina da shingen ƙaya. Shi yana waje, yana kai da kawowa a gefen titi. In Hezron ya ci wasa, in ɗaga hulata sama da shinge. In an ci shi, in ɗaga jarida. Don kada bakinsa ya zauna banza, yakan cika shi da gasasshiyar masara daga wurin Mama Nduku, wadda ke da murhu a gindin shingen.

Ranar, abokin karawar Hezron wani dogon Bamisire ne mai ɗaure goshi da ƙyalle. Hezron ya ci zagayen farko. Bamisiren ya ci na biyu. Hannuna ya gaji da sauya hula da jarida, kuma ta bayana ina jin takalmin Zablon, ya yi gabas, ya dawo, ya yi yamma.

"Mzee, rijiya za ka haƙa mini a nan?" in ji Mama Nduku, wadda ke ce masa Mzee, wato dattijo. "Masu saye sun zaci mahaukaci nake ciyarwa."

"Gasa mini wata masarar," in ji Zablon.

"Cikin naka rumbu ne?"

"Ba don ciki ba ne, don baki ne. Sa barkono da yawa."

"Ka shiga ka ga ɗanka mana. Wane irin uba ne wannan, ɗa yana ciki yana zufa, shi yana waje yana tauna kamar akuya?"

"Akuya ba ta ɓata wa kowa wasa. Mwalimu, me ake ciki?"

"Kunnen doki," na ce ta cikin ƙaya, ƙasa ƙasa. "Ka yi shiru."

"Yana lanƙwasa gwiwa? In ya gaji ba ya lanƙwasawa."

"Zablon, ka tafi."

Ya tafi, ya dawo. Ya tsaya, ya sake tafiya. Na ji ya yi wa wani direba faɗa don ya danna ƙaho, na ji yana neman afuwa, na ji ya koma wurin murhu.

A zagaye na uku Hezron ya shige gaba. Ban taɓa ganin ya buga irin na ranar ba. Jar ƙasa ta rine masa safa har ƙwauri, bai ko kalli benci ba. Bosibori tana ƙasa da ni, ta cusa gefen gyalenta a baki. Ban san me take roƙo ba, kuma ban taɓa tambayarta ba. Aka kai inda maki ɗaya ya rage wa Hezron ya gama.

Laifin hulata ne ko na masara, har yau ana gardama. Na ɗaga hular na manta ban sauke ba, Zablon kuwa ya san abin da shirun filin nan yake nufi. A daidai lokacin gawayin Mama Nduku ya mutu, masarar da ke kai ɗanya ce. Bakinsa ba komai. Akwai wata kafa a shingen, inda karnuka ke shiga, a saitin layin gefe. Ya durƙusa da gwiwar nan mai ciwo ya leƙa.

Sun daɗe suna musayar ƙwallo. Bamisiren ya matso kusa da raga, Hezron ya zabga ta ta gefensa, ta bi layi ta wuce. Matashin da ke duba layin ya shimfiɗa tafukansa ƙasa, alamar ta shiga. Bamisiren ya sauke raket, ya fara miƙa hannu.

"Waje!"

Daga cikin ƙaya ta fito, a ƙasa, kusa da ƙafafun mutane. Tsofaffin da ke benci duk suka juya, don sun shekara da shekaru ba su ji ta ba. Bamisiren ya janye hannunsa. Ya koma baya, ya sunkuya, ya zagaye tabon da bakin raket, ya kalli alƙali. Alƙalin ya fara saukowa. Hezron bai jira ya ƙarasa ba. Ya juya ya koma layin baya ya karɓi ƙwallo, domin ya san muryar. Alƙali ya duba, ya ɗaga yatsa, alamar ta fita. Tsakanin tabon da layi akwai jar ƙasa kamar faɗin farce.

Daga nan hannun Hezron ya mutu. Ya buga biyu a raga, ɗaya ta tafi shinge. Kafin inuwa ta rufe filin, Bamisiren ya gama da shi.

Na fita na tarar Zablon ba ya nan. Mama Nduku ta nuna mini titi da wuƙar yankan lemo. Muka same shi can wajen gada, ni da Hezron, yana tafiya da sauri kamar mai neman mota, ƙaya ta yage masa hannun riga. Hezron ya jera da shi, jaka a kafaɗa. Ni ina baya ina haki.

"Baba, tsaya."

Bai tsaya ba.

"Baba, ƙafata ta gaji. Tun safe nake gudu."

Ya rage sauri. "Da na yanke harshen nan tun a mishan."

"Tun tana barin raket na san ta fita," in ji Hezron. "Addu'a nake yi kowa ya makance na ɗan lokaci. Kowa kuwa ya makance, sai kai da kake leƙe ta ƙofar karnuka."

"Masara ce ta ƙare."

"Na sani. Mama Nduku ce ta kore ni daga tanis."

Na yi dariya ni kaɗai. Zablon ya tsaya a tsakiyar gadar, ya kalli ɗansa sama da ƙasa, jar safa da komai.

"Ashe haka kake bugawa," ya ce. "Ban taɓa gani ba."

"Maki ɗaya ka gani."

"Ka lanƙwasa gwiwa."

Hezron ya cika alkawari. Kafin damina ya koma Eldoret da iyalinsa, yana sayar da iri da taki, kuma na ji ana yabon haƙurinsa da manoma. Sunansa bai shiga jerin ba. Zablon ya fita daga ƙungiyar mawaƙa a makon nan, duk roƙon da fasto ya yi masa, ya koma bencin baya yana motsa leɓe kawai. Amma da gasa ta dawo shekara ta gaba, na same shi a gefen titin nan, ba shi da kowa a ciki, yana kai da kawowa a bayan shinge da masara a baki. Mama Nduku ta toshe kafar karnukan da buhun gawayi.