Furen Wuyan Bunte

A lungu ɗaya na birnin Patan, Purnaman mai guga ya tsufa, tsakanin teburinsa da dutsen guga na gawayi. Matarsa ta rasu, ɗansa yana can ƙasar Larabawa yana aikin gini. Mutum ne da sai ka wuni kusa da shi ba ka ji muryarsa ba. Kayan gidan su Ronisha mawaƙiya yake gogewa, tun tana 'yar makaranta har ta zama wadda fuskarta ke jikin kowace bas.

Ronisha ta karɓo ɗan kwikwiyo daga wajen Dolma, wata mata da ke tsintar karnukan titi tana jinyarsu, tana bai wa masu so riƙo. Sharaɗinta ɗaya ne: in ka gaji ka maido mata, kada ka miƙa wa wani. Kwikwiyon ya tauna takalma biyu, Ronisha ta gaji.

"Baba, tafi da shi," in ji ta. "Kai da ba ka da kowa."

"Ni da ko kaza ban taɓa kiwo ba?"

Ya tafi da shi dai, ya sa masa suna Bunte. Ƙarƙashin tebur ya zama makwancinsa, inda ɗumin gawayi ke sauka. Shinkafa da miyar wake tare suke rabawa. Sai ga Purnaman ya zama mai surutu, yana yi wa kare faɗa, yana ba shi labarin marigayiya, har maƙwabta suna tsokanarsa wai ya yi sabon aure.

Da labari ya kai kunnen Dolma, ta zo ta ɗauki karen. Ba muguwa ba ce, ta dai ga inda karnukan kyauta suke ƙarewa.

"Baba, ba da kai nake ba," ta ce. "Bari a yi masa allura, in zo in ga ɗakinka. Kafin ranar da ake karrama karnuka a bikin Tihar za ka sami abinka. Ka dai yi shiru da bakinka."

Shi da ya yi shekaru yana shiru, ranar ya kasa. Da ya kai wa Ronisha kaya ta tambayi Bunte, sai idonsa ya cika, ya faɗa mata. Nan take ta ɗaga waya.

"'Yata, ta ce in yi shiru."

"Haba Baba! Shirun nan ne ya sa ake taka talaka. Bar min ita."

Ta zaunar da shi kusa da ita, ta ɗauki hotonsu tana kuka, ta watsa wa mabiyanta a intanet. Ta ambaci sunan Dolma, ta ambaci unguwarta. Ban ce hawayen ƙarya ba ne, na gaske ne. Abin da ke ba ni haushi, mace mai mabiya kamar ƙasa ta yi kuka a bainar jama'a ba ta tsaya ta tambayi kanta a gidan wa ruwan zai malala ba.

Aka fara da zagi a waya, aka koma jifa. Mutanen da ba su taɓa bai wa kare ko ɓawon burodi ba suka cika ƙofar Dolma suna ihu. Wani ya jefa nama mai guba ta kan katanga, karnuka biyu suka mutu. Dolma ta loda sauran a mota ta rarraba su garuruwa.

Purnaman ya je da ƙafarsa. Ta bayan ƙyaure ta yi masa magana.

"Ai na ce ka yi shiru, Baba."

"Na yi kuskure, Dolma. Ina Bunte?"

"Yana wajen mutanen kirki, can nesa. In na faɗa maka, gobe suna ƙofarsu da duwatsu."

Garin neman gira an rasa ido. Ronisha ta goge hoton, ta rubuta cewa ita ba ta sa kowa ya yi jifa ba, ta tafi wasa ƙasar waje. Mabiyanta suka sami wani abin yi wa ihu.

Ranar karnuka, kowane kare a lungun ya sami fure a wuya da jan ɗigo a goshi, har masu ƙazwa. Purnaman ya zauna da nasa furen a cinya, da dafaffen ƙwai a faranti.

"Baba, rataya wa wani mana," in ji mai shayin da ke kusa. "Kare ai kare ne."

Purnaman ya sunkuya. Ya ɗaure furen a ƙafar tebur, ya hura gawayi, ya jawo rigar Ronisha ya shimfiɗa, don kayan gidan ba su daina zuwa ba. Kafin yamma ɗumi ya sa furen ya yi yaushi. Tun daga ranar Purnaman ya yi shirun da aka roƙe shi, sai dai yanzu ba shi da abin da zai maido masa.